Rabin Kilo na Ƙasar Ƙofa

Manomin Ƙofa bai jira kowa ya zo daga jami'a ya gaya masa ƙasa iri-iri ce ba. Ya san jigawa, ya san jangargari, ya san lakar bakin fadama, ya san fako inda ruwa ke wucewa bai shiga ba. Ya san gindin gawo ya fi ko'ina albarka, kuma in wuta-wuta ta mamaye dawa, gonar ce ke cewa ta gaji. Da wannan sanin mutanen ƙasar Kusada da Kankiya suka ci suka sha shekaru aru-aru. Sai dai akwai kukan da ake yawan ji yanzu, musamman a bakin masu noman masara: an zuba kamfa, an bi da yuriya, yawan buhun da aka saba shi aka zuba, amma shukar ta tsugune ta yi fari-fari. Wanda ake fara zargi shi ne mai sayar da taki. Wani lokacin zargin na kan hanya, don gurɓataccen taki bai ƙare a kasuwa ba duk da dokar kula da ingancinsa ta 2019. Amma sau da yawa takin lafiyarsa ƙalau. Abin da gonar ke nema ne babu shi a cikin buhun.

Lambobi ukun da ke jikin buhun kamfa, ko 15-15-15 ko 20-10-10, suna nufin abu uku ne kacal: naitirojin, fosfaras da fotasiyam. Shuka kuwa abu 17 take bukata kafin ta rayu ta yi 'ya'ya. Uku tana samunsu daga iska da ruwa, uku su ne na buhun, wasu ukun su ne kalsiyam, magnesiyam da farar wuta. Ragowar takwas ɗin su ake kira ƙananan sinadarai: ƙarfe, manganis, tutiya wadda malaman gona ke ce wa zinki, tagulla, boron, molibdinam, kulorin da nikel. Ƙanƙantarsu ta yawa ce, ba ta daraja ba. Hekta ɗaya ta masara mai kyau za ta sha naitirojin kilo ɗari ko fiye, amma tutiyar da za ta sha ba ta kai rabin kilo ba. Kamar kanwa ce a miyar kuɓewa: ɗan mitsitsi ake jefawa, amma in babu ita uwargida ta san abin da za ta gani a tukunya.

Wani Bajamushe masanin ƙasa, Carl Sprengel, ya bayyana ƙa'idar da ke bayan wannan tun 1828, kafin Justus von Liebig ya yayata ta. A ɗauki tulu mai huji da yawa, wani a wuya, wani a ciki, wani kusa da gindi. Ko rijiya guda aka juye masa, ruwan ba zai wuce hujin da ya fi kusa da gindi ba. In tutiya ce hujin ƙasa a gonarka, ƙarin yuriya ɗiban ruwa ne kawai kake yi.

Me ya sa kakanninmu ba su yi wannan kukan ba? Ƙasar wannan yanki yawancinta rairayi ce, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma shi ne rumbun da ƙananan sinadaran ke zama. A da ana barin gona ta zama saura ta huta, Fulani su kwana da shanu a cikinta da rani. Yanzu gado ya yayyanka gonaki, babu wadda ke hutawa. Bayan girbi kuma ba hatsi kaɗai ke barin gona ba: kara ya tafi danga da murhu, harawa ta hau rufin ɗaki tana jiran tumaki. Kowane dami da ya fita ya fita da rabonsa na tutiya da boron, kamfa kuma ba ta mayar da su. Har wani abu aka yi asara ba a lura ba. Takin supa da dattawa suka sani a zamanin dalar gyaɗa yana ɗauke da farar wuta da kalsiyam, kyauta a kan fosfaras ɗinsa, shi ya sa gyaɗa ke son sa. Da aka koma kamfa da yuriya, kyautar ta yanke. A cibiyar binciken noma ta Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, ana zuba wa wasu fegi kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, shekara bayan shekara. Abin da ya fito fili shi ne takin naitirojin shi kaɗai yana sa ƙasa ta yi tsami a hankali, wanda ya haɗa da takin gida kuwa ƙasarsa ta fi riƙe ƙarfinta. Akwai dai mai taimakonmu da ba ma gode wa: ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana sauke ɗan kalsiyam da fotasiyam a gonakinmu duk shekara, muna tari muna tsine mata.

Shuka mai jin yunwa tana faɗa, in an iya sauraro. Rashin naitirojin daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa, su yi rawaya daga baki zuwa ciki, domin shuka na kwashe shi daga tsoho ta kai wa sabo. Rashin farar wuta akasin haka ne, sabon ganyen sama ke koɗewa. Rashin tutiya a masara yana zana farin layi mai faɗi a gefen jijiyar tsakiyar sabon ganye, gaɓoɓin kara su matse, shukar ta zama wada. Gyaɗar da ta yi kwanso babu ƙwaya yawanci kalsiyam ta rasa. Wadda aka ɓare aka ga tsakiyar ƙwayar ta yi rami ta yi duhu, boron ne. Masu binciken Samaru sun rubuta labarin ƙarancin boron a audugar Arewa tun shekarun 1970. Matsalar ita ce alamun suna kama da juna, suna kuma kama da na fari da na cuta, kuma kafin ganye ya nuna, amfanin ya riga ya ragu. Nan ne awon ƙasa ke shigowa.

Mutane sun ɗauka wahalar awon tana ɗakin gwaji. A gona take. Ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin taƙi guda, wato wajen santimita 20, ta kusa tan 3,000, lodin tirela ɗari ke nan. Abin da za a kai ɗakin gwaji rabin kilo ne. Abin da mai gwajin zai ɗiba daga ciki giram goma ne, bai cika cokalin shayi biyu ba. Cokali biyun nan su za su yi magana da yawun tirela ɗari. In an ɗebo su daga inda bai dace ba, na'urar miliyoyin naira za ta ba da amsa daidai, amma amsar wata gona ce ba taka ba.

Saboda haka ake fara raba gonar yadda mai ita ya san ta: jigawar tudu daban, gangaren da ke riƙe ruwa daban, ɓangaren da masara ke tsugunewa daban. A kowane ɓangare a yi tafiyar maciji daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana tsayawa wuri 15 zuwa 20. A share ganye da kara, a haƙa ɗan rami zurfin taƙi, a yanko ƙasa daga bakinsa har gindinsa, kauri ɗaya. A kauce wa gindin gawo, da suri, da inda aka tara taki ko aka ƙona kara, da makwancin shanun bara, da bakin hanya. Duk a zuba a bokiti guda a cakuɗa sosai, sannan a ɗebi rabin kilo. Bokitin ya zama na roba. Bokitin ƙarfe mai ƙyalli da tutiya aka shafe shi, kuma ɗan abin da zai kankare ya shiga ƙasar ya isa ya sa takarda ta ce gonarka ta ƙoshi alhali tana jin yunwa. Haka tsohon buhun taki, kada a kusance shi. A shanya ƙasar a inuwa, a ɗaure a sabuwar leda, a rubuta sunan gona da abin da aka shuka bara da takin da aka zuba. Lokacin da ya fi shi ne bayan girbi, kafin a fara kai taki, don amsa ta dawo tun ba a yi shuka ba.

A ɗakin gwaji, irin na sashen kimiyyar ƙasa a Samaru ko na Jami'ar Bayero a Kano, za a murƙushe ƙasar a tankaɗe ta da rariya mai ido milimita biyu. Abin da ake fara aunawa shi ne tsaminta, wanda ake rubutawa pH. Bakwai ne tsaka-tsaki. Ƙasa da haka tsami, sama da haka ɓangaren kanwa da toka. Yawancin gonakin tudu na yankinmu suna tsakanin biyar da rabi da shida da rabi. Wannan lamba ɗaya ita ce mai riƙe da makullin rumbu. Duk hawa ɗaya da ta yi, narkewar tutiya na raguwa kusan ninki ɗari, shi ya sa ake ganin masara ta yi fari a tsohon matokaci ko a lambun da ake ba ruwa mai kanwa, alhali tutiyar na nan a ƙasa, a kulle. Molibdinam kuwa, wanda ƙululun saiwar wake da gyaɗa ke bukata don kamo naitirojin daga iska, shi a ƙasa mai tsami yake kulluwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi rikita masu karanta takardar sakamako. Mai gwajin ba ya tambayar nawa ne dukan tutiyar da ke cikin ƙasa, domin mafi yawanta a daskare take cikin ƙwayar yashi da tsakuwa, saiwa ba za ta taɓa samunta ba. Tambayarsa ita ce nawa saiwa za ta iya zuƙa. Sai ya jiƙa ƙasar da wani ruwan magani mai sauƙin ƙarfi da ke kwaikwayon saiwa. Sanannen cikinsu shi ne DTPA, wanda Lindsay da Norvell suka fitar a Amurka a 1978: giram goma na ƙasa, ruwan magani mililita 20, a girgiza awa biyu, a tace. Akwai kuma Mehlich-3 na 1984. Ruwan da aka tace sai a fesa shi cikin harshen wuta a wata na'ura, a haska fitila ta ratsa wutar. Kowane ƙarfe yana da launin hasken da shi kaɗai ke shanyewa, don haka gwargwadon hasken da ya ɓace, gwargwadon ƙarfen da ke ciki. Alan Walsh ne ya ƙirƙiro dabarar a Ostareliya a 1955, kuma har yau ana aiki da ita.

Amsar tana zuwa da miligiram a kowane kilo. Miligiram ɗaya a kilo daidai yake da rubu'in ɗunƙulen magi a cikin buhu goma na masara. In da DTPA aka auna, tutiyar da ta gaza rabin miligiram zuwa ɗaya ana ɗaukarta ta yi ƙaranci. Amma kowane ruwan magani da nasa ma'aunin, don haka lambar da ba a faɗi hanyar da aka bi aka samo ta ba, ba ta da amfani. Na fi yarda da manomin da zai karɓi takarda ya ce sai ya gani da idonsa: ya ware kunya goma ya ƙara musu tutiya, goma na kusa ya bar su yadda ya saba, ranar girbi ya auna. In ta tabbata, gyaran ba shi da tsada. Kilo 10 zuwa 25 na gishirin tutiya a hekta kan yi shekara biyu zuwa uku yana aiki. A tsakiyar Turkiyya, a shekarun 1990, binciken da Ismail Cakmak ya jagoranta ya gano ita ce ta danne alkamar yankin, da aka ƙara ta kuma har ƙwayar da mutane ke ci ta ƙaru da ita. Boron ne ba a yi masa gaggawa. Wajen kilo ɗaya ya ishi hekta, kuma tsakanin isa da ƙuna tazarar kaɗan ce.

Duk wannan tambaya ɗaya ce: me ƙasa ta rasa? Akwai ta biyu, wadda ganye ba ya amsawa: me ya shiga ƙasa da bai kamata ba?

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara suka ga agwaginsu na mutuwa. Daga baya yara suka fara suma da jijjiga. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara tayar da maganar a watan Maris. Duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, cike suke da dalma. Yara sama da 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta, 'Yargalma da Abare. A wasu wuraren dalmar ƙasa ta haura miligiram 100,000 a kilo, a lokacin da ma'aunin Amurka na filin wasan yara yake 400. Maganin sai da ya haɗa da fartanya: aka kankare saman ƙasar gidaje aka binne a rami, aka shimfiɗa sabuwa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan aikin banza ne. Garin Bagega kuwa sai 2013 wannan aikin ya kai gare shi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Ƙofa ba garin haƙar zinariya ba ce, ba ta kuma da masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa, ko ruwa irin na Jakara da ake ban-ruwan latas da alayyafo da shi a Kano. Ƙofofin da guba za ta iya shigowa nan ƙanana ne, shi ya sa ba a tsare su. Babbar cikinsu takin juji. Bolar da kakanninmu ke kwasa a mangala toka ce da kashin awaki da shara. Bolar yau akwai mataccen batirin tocila, da fasasshiyar waya, da gwangwanin fenti, da tokar leda da taya. Wanda ya sayi lodin bolar gari ya watsa a gonarsa ya sayi albarka, ya kuma sayi abin da bai sani ba. Sai inda masu gyaran batirin mota da na sola ke zubar da ruwa da fasa tukwane, da inda makanikai ke juye baƙin mai. Sai gefen babban titin Kano zuwa Katsina, wanda ya sha hayaƙin fetur mai dalma shekaru da dama kafin ƙasashen Afirka kudu da Sahara su daina sayar da shi a farkon 2006. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan inda ta sauka. Shi kansa takin fosfaras yana zuwa da ɗan kadmiyam daga dutsen da aka yi shi, abin da ya sa Tarayyar Turai ta sa masa iyaka a dokarta ta 2019.

Awon guba kusan kishiyar awon abinci ne, kuma nan ake yawan kuskure. Mai neman abin da gona ta rasa yana son matsakaici, shi ya sa yake cakuɗawa yana guje wa wuraren da suka fita daban. Mai neman guba wuraren da suka fita daban su yake nema. In ka haɗa ƙasar inda aka juye bola da ta wuri 19 masu tsabta, ka wanke laifin da hannunka. Kowane wurin da ake zargi ledarsa daban, a kuma ɗebo wata daga gonar da ba a taɓa kai wa bola ba don a kwatanta. Zurfin ma ya bambanta: dalma a saman ƙasa take zama, don haka a masussuka da tsakar gida da inda yara ke wasa, yatsa biyu na sama ake kankara. A ɗakin gwaji kuma ba a lallashin ƙasar da ruwa mai sauƙi. Dafa ta ake yi a haɗin ruwan asid biyu masu ƙarfi har kusan duk ƙarfen da ke ciki ya narke, domin cikin yaro ba saiwa ba ne. Akwai kuma na'urar hannu mai suna XRF, mai kama da abin auna zafin goshi na lokacin korona, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi dalma nan take. Da irinta aka bi gidajen Zamfara. Ga ɗan kadmiyam kaɗan dai idonta bai kai ba, sai an je ɗakin gwaji.

Ganin sunan dalma a takarda ba abin tashin hankali ba ne. Kowace ƙasa a duniya tana da ita daga halitta, galibi miligiram 10 zuwa 30 a kilo, kadmiyam kuma ƙasa da ɗaya. Abin dubawa shi ne ko wurin da ake zargi ya ninka na gonar kwatance, da kuma hanyar da gubar za ta bi ta kai baki. Dalma tana manne wa ƙasa, kaɗan ce ke hawa har cikin ƙwayar gero ko dawa. Hanyarta ƙura ce: hannun yaro, ganyen da ba a wanke ba, karas da dankalin da ba a fere ba, hatsin da aka shanya a ƙasa. Ko a Zamfara, binciken da aka yi kan abinci ya nuna yawancin dalmar bayan girbi ta shiga hatsi, wajen sussuka da daka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa. Kadmiyam ya fi wayo. Yana bin saiwa ya hau ya taru a ganye, a latas da alayyafo da taba, da kuma shinkafa, shukar na nan kore shar, ya je ya zauna a ƙodar mai ci shekaru. A lardin Toyama na Japan, ruwan mahaƙar ma'adinai da aka yi ban-ruwan shinkafa da shi ya lalata ƙoda da ƙashin manoma, yawancinsu mata, gwamnati ba ta amsa sanadin ba sai 1968. Ma'aunin abinci na duniya ya tsayar da kadmiyam a kayan ganye kan miligiram 0.2 a kilo, dalma 0.3, don haka mai lambun da ke shakka ya kai ganyen tare da ƙasar.

Wani abin da ya ɗaure tambayoyin biyu wuri guda shi ne kadmiyam ɗan'uwan tutiya ne a halitta, ƙofa ɗaya suke bi su shiga saiwa. Shukar da ke yunwar tutiya tana buɗe ƙofar sosai, sai baƙon ya shige. Ƙasa mai tsami kuma ta fi sakin sa. Ke nan takin gida mai tsabta, da gyaran tsami, da cike gurbin tutiya, suna rage gubar da ke kai wa ga akushi. Inda abin ya yi yawa kuwa, a daina shuka ganyen miya a wurin, a mayar da shi na auduga ko itatuwa, a hana yara wasa a ciki.

Kuɗin awo ya fi ƙarfin mai kadada ɗaya in shi kaɗai ne, balle na guba da ya fi tsada. Indiya ta mayar da shi aikin gwamnati tun 2015, tana ba manomi katin lafiyar gonarsa. Kafin mu kai can, maƙwabtan gona goma masu ƙasa iri ɗaya za su iya haɗa kuɗi, su nemi malamin gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, KTARDA, ya tsaya a kan ɗibar, mutum ɗaya ya kai ledojin. Wanda aka aika ya faɗi abin da ake so da bakinsa. In ya ce a auna ƙasa kawai, tsami da naitirojin da fosfaras da fotasiyam za a auna masa, ya dawo Ƙofa da takardar da babu tutiya babu dalma a cikinta.